Golan da Aka Hana Tsalle

Ragar filinmu ba ta da sandar sama. In za a bi gaskiya ma ba ta da raga, suna ne kawai. Itacen turare biyu aka kafa a wannan gefe, biyu a wancan, daga nan sai sararin Allah. Da yake dole a bambance ƙwallon da ta shiga da wadda ta wuce, sai aka yi doka tun ba a haife ni ba: tsayin raga shi ne inda hannun gola ya kai. In ya miƙa hannu ƙwallo ta fi ƙarfinsa, to sama ce, ba ci ba. Kowa a unguwarmu a Ƙaura Namoda haka ya tashi ya iske abin, ba wanda ya taɓa ganin aibinsa, sai da kocin yaran unguwa ya zauna ya yi dogon tunani.

Kocin nan ɗan kabu-kabu ne, saurayi, kuma yana son yaran da gaske, ban hana shi wannan ba. Da yamma yakan jingine babur ya tara su, ya sa su gudu, ya saya musu ruwan leda in ya samu ciniki. Amma yana son cin wasa fiye da yadda yake son barcinsa. Sai ya dubi yaransa kaf, ya zaɓi wanda ya fi kowa gajarta, ya ce daga yau shi ne gola. Wanda ya fi kowa gajarta kuwa autanmu ne.

Shekararsa sha ɗaya a lokacin, amma baƙo ya gan shi zai ce bakwai. Inna ta ce dangin babanta ya biyo, su ba sa gaggawar tsawo. Shi kuma tun yana rarrafe ba abin da yake so irin cafke abu. Jefa masa lemo, sai ya faɗi ƙasa da gangan kafin ya kama. Ranar da aka ba shi gola ya shigo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, har akuya sai da ya gaya wa. Ni ma na ji daɗi, don ban san dalilin zaɓen ba. Bayan kwana biyu ne muna tsince wake ya ce mini, kamar ba komai ba:

“Yaya, koci ya ce in ta zo ta sama kada in yi tsalle. In ɗaga hannu kurum in tsaya.”

Na ce, “Gola ne ba ya tsalle?”

“Ya ce in na yi tsalle na taɓa ta, an san ta kai ke nan.”

Na dube shi, na dubi waken, na ci gaba da tsincewa. Wannan shi ne shiru na ƙarshe da na yi a kan maganar.

Filin yana bayan gidanmu ne, tsakanin katangarmu da makarantar firamare, kuma raga ɗaya tana dab da katangar. Na gama sakandare ina zaune gida, ban da aikin da ya wuce daka da wanki da jiran abin da bai zo ba. Saboda haka duk ranar wasa sai in kife tsohon turmin Inna in hau, in ɗora haɓa a kan katanga. Daga nan ina ganin abin da alƙalin wasa ba ya gani. Ƙwallo za ta zo, autanmu ya ɗaga hannuwa biyu ya ƙame kamar wanda aka tare a hanya, ta wuce ta saman yatsunsa da tazarar da ko ludayi ba zai shiga ba, sai ka ji gefen fili ya ɗauka da murya ɗaya: “Sama ce.”

Masu wannan murya ba yara ba ne. Iyaye ne. Baba yana cikinsu, shi ne ma limaminsu. Baba hatsi yake sayarwa a kasuwa, mutum ne da ko dariya da ƙarfi ba ya yi a gida, amma ranar wasa sai ya sa a fito masa da benci ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, abokansa su kewaye shi. Akwai mahauci maƙwabcinmu, wanda tun ƙwallo tana ƙafar mai bugu yake fara cewa sama ce. Wata rana har wadda ta gangaro a ƙasa ta bi ta tsakanin ƙafafun autanmu sai da ya ce sama ce, mutane suka yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Alƙalin wasa tela ne mai sanyin hali. Usur yana bakinsa, idonsa yana kan bencin Baba. Inda murya ta fi yawa can hukunci yake.

Haka suka yi ta cin wasa. Yaran unguwanni suka zo suka tafi da haushi. Baba ya riƙa gaya wa 'yan layin hatsi cewa ɗansa ba a cin shi. Ni kuma ina kan turmi ina ganin fuskar yaron duk lokacin da ya tsaya hannu sama, ƙafafunsa suna rawa don son tashi.

Sai aka gayyato yaran Zurmi. Zuwa daga Zurmi ba ƙaramin abu ba ne yanzu, kowa ya san halin da hanya take ciki. Sun taso da hantsi a bas guda, aka dafa musu shinkafa da wake a gidajen unguwa, aka sa wasan da an idar da azahar don su kama hanya rana tana sama. Direban da ya kawo su dattijo ne mai furfura a gemu, kuma ɗansa ne ɗan wasan gabansu, wani dogon yaro mai ƙafa kamar taɓarya. Yaron nan ya buga ta sama, aka ce sama ce. Ya sake, aka ce sama ce. Ta ukun ni kaina sai da na runtse ido, don ta kusa shafar gashin autanmu. Mahauci ya ce sama ce, tela ya busa.

Dattijon bai yi hayaniya ba. Ya taka a hankali har gaban raga, ya tsaya ya ƙare wa autanmu kallo daga sama har ƙasa, ba shi ma da nisa. Sannan ya juya wajen benci.

“Wanga ba gola na ba, tiya ta,” in ji shi. “Ƙaramar tiya kunka samu kuna yi muna awo da ita.”

Tiya dai kwanon awon hatsi ce, kuma duk wanda ke wurin ya san abin da ake nufi da mai awo da ƙarama. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaranmu ma sun yi dariya. Aka tashi muna da ɗaya, su ba ko ɗaya. 'Yan Zurmi suka shige mota ba sallama, ba musabaha, suka bar kwanonin da aka ƙara zuba musu a rufe. Kafin magariba duk yaran unguwa sun daina kiran autanmu da sunansa, sai Ƙaramar Tiya.

Na same shi bayan garken awaki yana tona ƙasa da tsinke.

“Yaya, da na yi tsalle da na kama ta ukun nan.”

“Na sani.”

“Ni ba gola ba ne, ko?”

Ni ban iya lallashi ba, Inna ce gwana a nan. Na ce, “Yanzu kam ba gola ba ne. Itace ne na uku.”

Bai yi kuka ba, gara ma da ya yi. Ya dai ci gaba da tona ƙasarsa.

Washegari da safe na kai wa Baba kunu, na durƙusa, na ƙi tashi. Ya ce lafiya? Na ce tambaya gare ni.

“Baba, in mutum ya zo sayen gero aka auna masa da ƙaramar tiya, me sunan abin?”

Inna ta aje muciya ta zuba mini ido. Baba ya kurɓi kunu.

“Wasan yara na, ke kuma. Mi ya haɗa shi da kasuwa?”

“To in wasan yara ne, Baba, me ya sa muryarku ta fi ta yaran?”

Inna ta ce in tashi in ba mutane wuri tun ba ta taso ba. Baba ya ce mata ɗiyarta wagga bakinta ya fi ta girma. Ya shanye kununsa ya fita, ni kuma na gane ba abin da maganata ta motsa.

Ba ni da haƙurin jiran mutum ya sake tunani. Ranar atisayensu na zura hijabi, na ɗauki tsohuwar igiyar guga da Inna ta jingine, na kinkimi benci da wata doguwar gora, na zagaya fili. Na hau benci na ɗaura igiyar daga itace zuwa itace, daidai inda babban mutum zai miƙa hannu ya taɓa. Na yi wa gorar alama da gawayi, na tafi ɗaya ragar na ɗaura sauran igiyar daidai wannan tsayi, don kada a ce na yi son kai. Masu wucewa suna ta tsokana. Wani ya ce shanya za a yi? Na ce eh, kawo rigarka. Ina sauka sai ga koci a kan babur.

“Ke, wa ya aiko ki?”

“Ba wanda ya aiko ni. Sandar sama ce na sa muku, tun da kun rasa.”

Ya kashe babur ya dubi igiyar, ya dube ni.

“Kin san abin da kika yi kuwa? In igiyar ga ta tsaya, ƙanenki ya bar gola. Ina da dogo zaune.”

“To ashe ba don ya iya ka sa shi ba.”

“Ni dai ci nika so. Ke kin taɓa buga ƙwallo?”

“Ban taɓa ba. Amma ina da ido.”

Ya kwance igiyoyin ya jefo mana ta kan katanga. Washegari na sake ɗaurawa, ya sake kwancewa. Da haka za mu yi ta yi har igiyar ta tsinke, don ni ba na gajiya da irin wannan. Sai ranar Juma'a da safe na hau turmi in duba, na ga sabuwar igiya shuɗiya mai kauri a duka ragogin, irin wadda ake ɗaure buhuna a kan babbar mota, an yi mata ƙullin 'yan lodi wanda sai da wuƙa. Kuma daidai tsayin da na yi wa gorata alama da gawayi.

Baba ne ya sa yaran mota suka ɗaura. Ina so in ce maganata ce ta yi aiki daga baya, amma ƙarya ba ta da amfani. Inna ce ta ba ni labari: ranar Alhamis ya je cin kasuwar Shinkafi, ya yi kiciɓis da direban nan na Zurmi a layin hatsi. Dattijon ya gaishe shi da fara'a, sannan a gaban masu saye ya tambaye shi yau da wace tiya ya zo, babbar ko ƙaramar. Baba bai iya cin abincin rana ba. Abin da 'yarsa ta faɗa masa a tsakar gida bai shiga ba, sai da baƙo ya faɗa a kasuwa. Na ji haushin wannan kwana biyu, daga baya na ce oho, igiya dai ta hau. Da koci ya zo yana ƙunƙuni, Baba ya ce masa igiyarsa ce, wanda zai kwance ta ya fara biyowa ta wurinsa.

Koci bai kwance ba. Abin da ya faɗa ya yi. A ranar ya sa dogon nan nasa a raga, autanmu ya koma gefe yana tsinto ƙwallo in ta fita. Ya shigo gida idonsa jawur.

“Kin ji daɗi? Kin sa an cire ni.”

“Dā kana ciki ne?”

Ya daina yi mini magana. In na miƙa masa tuwo sai ya ce Inna ta miƙo. Na bar shi kwana biyu ya huce, don kowa yana da haƙƙin fushinsa. Rana ta uku na tokare igiyar shanyar Inna da gora har ta kai tsayin ta fili, na aro ƙwallo wurin yaran maƙwabta, na tsaya tsakar gida ina dunƙula ta a hannu.

Na ce, “Zo ka tsaya ƙarƙashin nan. In ka ga dama.”

Ya zo yana jan ƙafa. Na jefa ta sama da kansa. Ya ɗaga hannuwa ya ƙame. Ƙwallo ta wuce ta daki ƙofar ɗakin girki. Shi kansa sai da ya dubi ƙafafunsa da mamaki. Ashe jiki ma yana haddace abu. Watanni ana gaya masa kada ya tashi, yanzu ko ya so tashi ƙafar ba ta yarda.

Ban san komai a kan koyar da gola ba. Abin da na sani shi ne hannuna ya saba da taɓarya, in na yi jifa ana ji. Na yi ta jifa, safe kafin ya tafi makaranta, yamma kafin a kira magariba. In ya ƙame in ce itace, in ya tashi ya kuskure in ce sake. Muka fasa tulun Inna, muka ɓarar da tsamiyar da ta jiƙa, kaza mai kwanci ta ƙaura daga gidan gaba ɗaya. Inna ta yi ta faɗa, amma ban taɓa jin ta ce a daina ba. A hankali shi ya gano wa kansa dabara: tun da ba shi da tsawo, ba zai jira ƙwallo a inda yake ba, sai ya ja da baya, ya tashi da ƙafa ɗaya, ya tura ta sama da igiya da yatsu maimakon ya ce sai ya kama. Ranar da ya fara yin haka sau da yawa a jere, ya faɗo a kan tabarmar Inna yana haki, ya ce, “Yaya, ƙara ƙarfi.” Maganar farko ke nan da ya yi mini ba da fushi ba.

Ana haka aka ce 'yan Zurmi sun yarda su dawo, don labarin igiya ya kai musu. Na ce wa autanmu ya je ya sami koci da kansa, ni in na je faɗa za mu yi. Ya tafi, ina kan turmi ina jin su. Dogon nan dama ya fara ba koci ciwon kai, don ta sama kam ba ta wuce shi, amma sunkuyawa a wurinsa kamar an ce ya ɗauki buhu. Koci ya daɗe yana sosa kai.

“To ji nan,” in ji shi. “Kai ka farawa. Amma in anka ci ka ta sama sau biyu, ka hito, kuma ba ka komawa ragar ga har abada. Ka yarda?”

Ya ce ya yarda.

Ranar wasan katangarmu ta cika da kawunan mata. Inna ta hau kujerar tsakar gida, matar mahauci ta kife bokiti, ni ina kan turmina. Dattijon Zurmi ya sauko daga mota ya nufi raga kai tsaye, ya miƙa hannu ya ja igiyar ya saki, ta yi ƙara. Ya gyaɗa kai, ya samu wuri kusa da itacen raga ya tsaya, ya harɗe hannuwa.

Ba a jima da farawa ba dogon ɗansa ya samu ƙwallo ya ɗaga ta. Na ga autanmu ya dube ta tana zuwa. Na ga hannuwansa sun tashi. Ƙafafun suka tsaya cak a ƙasa. Ta wuce tsakanin yatsunsa da igiya, sarari guda, ko makaho ya san ta shiga. Mahauci ya buɗe baki ya ce, “Sam...” sai ya ga igiya ya haɗiye sauran. Tela ya waiga wajen benci kamar yadda ya saba. Baba ya miƙe tsaye.

“Ta shiga,” in ji shi. “Busa. Ku kuma ku zamna.”

Autanmu ya tafi ɗauko ƙwallon a gindin katangarmu kansa a ƙasa. Na leƙo na ce masa a hankali, iyakar hankalin da nake da shi, “Saura ɗaya. In za a cire ka, a cire ka kana sama, ba kana tsaye ba.” Bai ɗago ba, amma na san ya ji.

Ta gaba da ta zo ya tashi. Bai ma yi kyau ba, ya tashi da wuri, ƙwallon ta bugi gwiwar hannunsa ta fita. Amma ya tashi. Daga nan kamar an kwance ɗan akuya daga turke. Ta ƙasa ya faɗa mata, ta gefe ya bi ta, wata ya dunƙule hannu ya naushe ta har tsakiyar fili. Yaranmu da suka ga haka suka farka, don dā sun saba barin kowa ya buga, sun san benci zai tare musu. Kafin hutun rabin lokaci suka rama. Koci ya dubi dogon da ke gefe yana miƙa, ya ce masa ya ƙara zama. Da aka dawo wani ɗan ƙaramin yaronmu ya sa kai ya ƙara ta biyu.

Rana ta fara karkata, direban yana duban sama, alamar lokacin tafiyarsu ya matso. Tela ya duba agogo. A nan ne ɗan gaban Zurmi ya kuɓuce wa 'yan bayanmu, ya hango gola ya ɗan fito, ya ɗaga masa ita a hankali, irin mai lanƙwasa da ke faɗowa bayan mutum. In ta shiga, an yi kunnen doki, wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ta biyu ke nan ta sama. Autanmu ya ja da baya da gudu, ya tashi da ƙafa ɗaya, ya miƙe har rigarsa ta bar cibiya. Yatsu da ƙwallo da igiya suka haɗu wuri guda. Igiyar ta yi rawa, ƙwallon ta yi tsalle ta tsallake katanga ta faɗo cikin gidanmu, shi kuma ya zube a ƙasa.

'Yan Zurmi suka ruga suna murna. Namu suka yi caa suna cewa ta bi sama. Tela ya tsaya da usur a baki, ya dubi Baba. Ni ma na dubi Baba, don kalma ɗaya zai faɗa a wuce wurin.

Baba ya ce, “Ni ban gani ba. Yara sun tare man.”

Na so in yi ihu don haushi, kuma a lokaci guda ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Ni na gani sarai, idona yana daidai da igiyar. Na ɗaga murya na ce ya taɓa ta, ta sama ta bi. Wani daga cikin 'yan Zurmi ya ce, “Yayarsa ce, mi kuke so ta ce?” Kuma yana da gaskiya, ko ni ba zan karɓi shaidata ba.

Mutum ɗaya ne ya rage, dattijon Zurmi da ke tsaye dab da itacen. Tela ya taka wurinsa. Ɗan dattijon ya riga shi isa, yana jan hannun rigarsa yana cewa Baba ai ta shiga, Baba ka gani. Dattijon ya zare hannunsa. Ya daɗe yana duban autanmu da ke zaune a ƙasa yana riƙe da yatsunsa. Fuskarsa ba ta nuna yana jin daɗin abin da zai faɗa ba.

“Yaron ya taɓa ta, ta bi bisa,” in ji shi. “Ku tai ku buga kwana. Da ta shiga da duk Ƙaura ta ji ni.”

Na diro daga turmi, na kori akuyar da ke shinshinar ƙwallon, na koma na hau na wurga musu ita da dukkan ƙarfina. Suka bugo kwana, autanmu ya kutsa cikin dogaye ya rungume ta a ƙirji ya kwanta a kai. Tela ya busa tashi.

Inna ta rangaɗa guɗa a kunnena, matar mahauci ta karɓa har bokitinta ya goce. Yaranmu suka ɗaga autanmu sama, abin da ba shi da wuya. Baba ya tsawatar musu ya ce su sauke shi su je su yi musabaha da baƙi tukuna, kuma ya tsaya a kansu sai da kowa ya ba kowa hannu, har wani daga cikin baƙin da ke kuka. Aka juye sauran abinci a leda aka sa musu a mota. Baba da mahauci suka taka da dattijon har bakin titi. Ina jiyo dattijon ta tagar mota yana ce wa Baba ya ƙara wa yaron nan tuwo, in ya yi tsawo ba mai sake zuwa Ƙaura wasa.

Koci bai zo ya ce mini komai ba, ni ma ban nema ba. Ya dai kira dogon ya ce masa daga gobe ya koma 'yan baya, can tsawonsa zai yi amfani. Sannan ya cire safar hannun da yake tuƙa babur da ita, baƙa, duk ta sha mai, ya jefa wa autanmu.

“Gola ba ya tsayawa hannu banza,” in ji shi. “Gobe kada ka makara.”

Yaron ya shigo gida da ita a hannu, yatsun suna reto, kowane ɗaya zai ɗauki nasa biyu. Ya ƙi cirewa har aka zuba abinci. Sai da na ƙwace ta da ƙarfi na wanke da omo ruwa uku, na shanya. Da ta bushe na yanke kan yatsun na ɗinke daidai hannunsa, yana tsaye a kaina yana cewa Yaya kada ki ɓata, Yaya ki bar wuri in na girma. Na ce ya matsa ya ba ni haske, in ya girma ya sayi tasa.